Turken da Yaya Ya Kafa wa Kogi

A ofishin kula da ruwa kowa da abin da yake kiranta. Darakta yana ce mata Malama, direbobi suna ce mata Hajiyar Kogi, mai gadi kuwa ya yanke wa kansa wahala, ranki ya daɗe kawai yake cewa. Amma da zarar ta tsallaka gada ta gangara unguwar da aka haife ta, duk waɗannan sunaye a bakin gadar suke tsayawa su jira dawowarta. A can Auta take, ko da furfura ta fara leƙowa ta ƙasan ɗankwali, don yayanta yana raye kuma bai ga dalilin canza mata suna ba.

Lokacin da take yarinya babu gadar. Makaranta tana hayin kogi, Yaya ne yake ƙetarewa da ita a kwale-kwalen babansu kowace safiya, su biyu da jakunkunansu. Umarni ɗaya yake ba ta kafin ya tura jirgin daga gaɓa, ta zauna tsakiya, ta daina leƙe. Tsakiyar takan zauna, leƙen ne dai ya gagare ta bari. Takan tsoma yatsu a ruwa ta tambaye shi daga ina yake zuwa. Ya ce daga garin da ke sama da nasu. Ta ce kafin can fa. Ya ce daga wani garin. Ta ce kafin wannan garin fa. A nan ilimin Yaya yake ƙarewa, sai ya yi barazanar zai jefa ta ciki ta bi sawun ruwan da iyo ta gano wa idonta.

Mutanen gaɓar nan manoman albasa ne, kuma kogin ne yake ba su izinin fara aiki. Da damina yakan cika ya shafe fadama, in ruwan sama ya ɗauke sai ya janye ya bar laka mai laushi. Tun kafin ya janye kowa ya reni irinsa a komaye can kan tudu, ana ganin bayan ruwa sai a bi shi da dashe tun ƙasa tana da danshi. Wanda ya yi jinkiri irinsa ya tsufa a wurin reno, in an dasa ba ya auki. Haka kakanni suka yi, kuma a mafi yawan shekaru ba su yi kuskure ba. Sai wata shekara, Auta ba ta ma gama koyon haɗa baƙi ba, kogin ya janye, aka yi dashe, fadama ta yi kore shar, sannan ya dawo. Ba hadari, ba ko ɗigo, rana tana ƙwallewa, ruwa ya taso a hankali ya kwanta kan albasar kowa har ta ruɓe. Wasu suka ce an buɗe wata madatsa ce a wani wuri, wasu suka ce laifin mutane ne ya yi yawa, amma gaskiyar magana ba wanda ya sani. Babansu bai ƙara miƙewa ba daga wannan shekarar. Yaya ya rataye jakar makarantarsa ya ɗauki fartanya, ya ci gaba da ƙetarewa da Auta kowace safiya, sai dai yanzu a gaɓa yake ajiye ta ya juya. Bai taɓa goranta mata ba ko sau ɗaya, kuma wannan shirun nasa ya fi gori yi mata nauyi.

Ta yi karatu kamar mai ramuwa. A jami'a ne wata rana malaminsu ya haska musu taswirar kogin gaba ɗayansa a jikin bango, tun daga tushe har inda ya faɗa teku, da duk rafukan da ke zuba cikinsa. Ita da ta ɗauka kogin nasu ne, na unguwarsu, sai ga shi shimfiɗe kan ƙasashe, rassansa sun bazu kamar jijiyoyin ganye. Ta nemi garinsu ta rasa, bai kai ɗigon biro ba. A ranar ta gane cewa ruwan da ta riƙa tsoma wa yatsu ya sauka ne kan duwatsun wasu mutane da ba ta jin yarensu, ya ratsa gonakinsu, matansu sun wanke tukwane da shi, sannan ya biyo hanya wata da watanni don kawai ya wuce ƙarƙashin jirgin babanta. Ta kasa rubuta komai har aka tashi daga ajin. Wannan mamakin bai sake ta ba har yau, ta dai koyi ɓoye shi a gaban mutane.

Ta kama aiki, ta auri wani tela mai yawan barkwanci, suka haifi 'ya'yansu. Telan nan yakan gaya wa abokan cinikinsa cewa shi Allah Ya ba shi mace wadda ta san ranar da za a yi ruwa a wata ƙasa, amma shanyarta kullum sai ruwa ya dake ta a tsakar gida. Ba ta musa masa, don gaskiya ne.

Aikin nata kuwa, in an tambaye ta a gidan biki, takan ce zaman kwamfuta ne kawai, don ta gaji da ganin idon mutane yana lumshewa in ta fara bayani. Amma abin ya fi ƙarfin haka. Akwai manhajoji na hasashen ruwa waɗanda masana suka ɓata shekaru suna ginawa. Manhajar takan yanka duk ƙasar da ke zuba ruwa cikin kogi gida-gida, kamar yadda ake yanka komaye, sai dai kowane gida a nan ya fi gari girma. Tauraron ɗan'adam ya faɗa mata ruwan saman da ya sauka a kowane gida. Ita kuma ta lissafa nawa ƙasa ta sha, nawa rana ta kwashe, nawa itatuwa suka zuƙe, ragowar ta miƙa wa gidan da ke gangare da shi, shi ma ya cire rabonsa ya miƙa gaba. Haka ruwan lissafi zai yi ta gangarowa a cikin kwamfuta har ya iso ƙarƙashin gadarsu, inda aka kafa sandar awo mai lambobi. Sai wani layi ya fito a allon kwamfutar yana cewa ran kaza kogi zai kai lamba kaza. Wato a wani ɗan ɗaki mai fanka mai ƙara, kusa da kwandon shara, mutum yana zaune yana kallon kogi sukutum yana gudana tun kafin ya gudana. Auta ba ta taɓa danna maɓallin nan ba tare da ta yi bisimilla ba.

Shekarar da ake ba da labarinta, manhajoji uku ofishin yake gwadawa, alhali kwamfutocinsu da janaretonsu da 'yan ma'aikatan da suka iya aikin ba za su iya riƙe fiye da ɗaya ba. Darakta ya ce kafin damina ta kankama a zaɓi guda, kuma Malama ce za ta kawo zaɓin. Ita tuni ta raɗa musu sunaye, don sunayensu na asali duk haruffa ne marasa daɗin faɗa. Akwai Tsoho, wanda ofishin ya saba da shi tun ana amfani da manyan kwamfutoci masu ƙeya. Akwai Ɗan Gayu, sabo fil, mai sauri, mai fitar da taswirori launi-launi waɗanda ke ƙayatar da baƙi. Sai na ukun, Mai Nawa, wanda in ka ba shi aiki da hantsi sai bayan la'asar zai amsa, kwamfutar tana nishi kamar an ɗora mata buhu.

Yadda ake zaɓen shi ne a yi musu jarrabawa. A ba kowanne ruwan saman shekarun da suka wuce, a ɓoye masa abin da kogin ya yi, a ce ya faɗa. Sannan a ɗauko abin da sandar awo ta nuna da gaske a kwatanta. Al'adar masu wannan aiki ita ce a tara makin dukkan ranaku a raba, wanda ya fi maki shi ne gwani. Haka ta yi, Ɗan Gayu ya zo na ɗaya da rata, Tsoho ya bi masa, Mai Nawa ya riƙe wutsiya. Da wani ne da a nan aikin ya ƙare, a buga rahoto a tafi gida.

Amma wani abu ya hana ta sakat. Kogi a yawancin shekarunsa mai ladabi ne, yana tashi lokacin tashi, yana sauka lokacin sauka, ko mai gadin ofis zai iya cin wannan jarrabawar. Makin da aka tara kusan duka na irin waɗannan shekarun ne. Sai ta ware 'yan shekarun da kogin ya janye ya dawo, waɗanda ba su cika yatsun hannu ɗaya ba, ta duba abin da kowanne ya ce a kansu. Layin Tsoho ya sauka ya kwanta. Na Ɗan Gayu ma ya sauka ya kwanta, cikin launi mai kyau. Na Mai Nawa ya sauka, ya yi kamar zai kwanta, sannan ya ɗago kai ya sake hawa. Bai dace da ranar daidai ba, bai dace da tsawon daidai ba, amma ya ga dawowar, a duk shekarun ban da ɗaya.

Ta bi diddigin dalili har ta samo shi. Can nesa, bayan an tsallake iyakoki biyu, kogin yana shiga wani dausayi mai faɗin da mai jirgi zai yi kwanaki a ciki bai ga ƙarshen ciyawa ba. Tsoho da Ɗan Gayu suna lissafa wurin ne kamar kowace ƙasa, ruwa ya shiga ta nan ya fita ta can kamar a bututu. Mai Nawa kuwa sai ya tsaya ya cika dausayin lungu-lungu, ya riƙe ruwan yadda ciyawa take riƙe shi, sannan ya sake shi a hankali, kuma wannan ne yake cinye masa lokaci. A shekarar da ruwa ya yi yawa kan duwatsun da ke bayan dausayin, sai ya cika ya tumbatsa a makare, ya aiko da ragowar bayan damina ta ɗauke a nan. Ɗaya daga cikin shekarun da ta ware ita ce shekarar babanta. Ta daɗe zaune tana kallon ɗan tudun nan a jikin layin. Ba madatsa aka buɗe ba, ba kuma laifin kowa ba ne, ruwan sama ne na wasu bayin Allah da ya tsaya hutawa a hanya. Ta ji tsoron Allah ya kama ta, ta ji kuma tausayin babanta kamar yau abin ya faru.

A taron zaɓe wani injiniya abokin aikinta ya ƙi yarda, kuma ba don son zuciya ba, mutum ne mai gaskiya wanda ya san aikinsa. Ya ce shekaru 'yan ƙalilan ba sa zama hujja, mai yiwuwa dace ne kawai. Ya ce Mai Nawa ya fi kowa kuskure a ranakun yau da kullum, ga cin man janareto. Duk abin da ya faɗa gaskiya ne, ita ma ta sani. Da yake ya san tarihin gidansu, sai ya sassauta murya.

"Malama, ki dai tabbata ke ce kike wannan zaɓen, ba babanki ba."

Maganar ta soke ta, don ita ma ta yi wa kanta wannan tambayar ba sau ɗaya ba. Ta ce ba za ta rantse ba. "Amma ranar da kogi ya yi abin da ya saba, wa yake nemanmu? Manomi ya fi mu sanin wannan. Ranar da zai saɓa ce kaɗai muke da amfani, kuma a cikin ukun nan ɗaya ne yake ganin ranar."

Darakta ya dubi wannan ya dubi wancan, ya ce a ɗauki Mai Nawa, amma Malama ta sani abin yana wuyanta.

Damina ta zo ta yi abinta. Mai Nawa ya riƙa kuskure kamar yadda injiniya ya faɗa, yau ya zarce kaɗan, gobe ya gaza kaɗan, har ma'aikata suka mai da shi abin tsokana, in wani ya makara sai a ce ya biyo Mai Nawa ne. Ita dai idonta yana can kan duwatsun nesa, inda tauraro yake nuna ruwa yana zuba ba ƙaƙƙautawa. Da ruwan sama ya ɗauke a nan, kogi ya fara janyewa, ta sa manhajar ta maimaita lissafin sau da yawa, kowane karo da ɗan bambanci a abin da aka ba ta, don a ga ko za ta canza baki. A mafi yawan lokuta amsa ɗaya ta bayar. Kogin zai dawo, wajen tsakiyar wata mai kamawa, kuma zai rufe fadama.

Ofis ya sa aka yi sanarwa a rediyo cewa masu gonakin gangare su jinkirta dashe. Mutane suka ɗaga kai suka dubi sama, suka ga ko gajimare babu, suka ci gaba da wasa fartanyarsu.

Ta sami Yaya a kan tudu yana ba komayen irinsa ruwa da bokiti. Ya tsufa fiye da shekarunsa, hannuwansa sun yi kanta, amma dariyar tana nan, da giɓin da ya samu tun suna yara. Irin ya yi kyau, ya miƙe tsaf, ya isa dashe. Ta gaishe shi, ta tambayi iyali, ta yi ta kewaye-kewaye har ya ce ta faɗi abin da ya kawo ta, ai ya ji rediyo. Ta yi masa bayanin duwatsun, da dausayin, da shekarar babansu. Ya saurara bai katse ta ba, abin da bai saba ba.

"Auta, tabbas ne?"

"Tabbas na Allah ne, Yaya. Amma da gonata ce ba zan dasa ba."

"Ke ai ba ki da gona," in ji shi. "Albasa kuma ba ta san mai yiwuwa ba. Ko a dasa ta, ko ta tsufa."

Abincin gidansa na shekara ne tsaye a komayen nan, ita kuma abin da ta zo da shi layi ne a allon kwamfuta, daga manhajar da ta zo ta ƙarshe a jarrabawa. Yaya ya ajiye bokitin, ya sari wani reshe ya feƙe shi, ya ce ta wuce gaba ta nuna masa inda ruwan nata zai tsaya. Ta san lambar da ke daidai da bakin fadama a sandar awo, ta yi ɗan lissafi a waya, ta haura gangaren tana aunawa da ido har kusa da gindin wata bishiya, ta nuna da ƙafa. Ya kafa turken a wurin, ya dake shi da ƙeyar fartanya. Ya ce in ruwa bai zo ya gaida turken nan ba, ita za ta zo da bakinta ta yi wa matarsa bayani. Bai kuwa yi dashen ba.

Abin da ya biyo baya shi ne mafi wuyar zama a rayuwarta. Maƙwabtan Yaya suka dasa, fadama ta yi kore daga wannan gefe zuwa wancan, gonarsa ita kaɗai tsirara a tsakiya. Suka raɗa mata suna gonar kwamfuta, in sun wuce su tambaye shi ko yau ƙanwarsa ta ba da izinin fitowar rana. Auta ta bi su gida-gida tana roƙo, 'yan kaɗan suka ji, suka rage wani abu a komaye, sauran suka ba ta ruwan sha suka raka ta ƙofa. Irin Yaya ya fara kauri, ya yanke masa kai don ya rage masa gudu. Matarsa ta riƙa gaishe da Auta da ladabin da ya wuce na kullum, wanda duk mace ta san fassararsa. A gida tela ya daina tsokanarta, ya koma zuba mata abinci da kansa, wannan kuwa ya fi komai tsorata ta. Wata rana ta tsinci kanta tana addu'ar Allah Ya kawo ruwan, sai ta tuna gonakin da zai kwanta a kai, ta tuna fuskokin masu su, ta yi ta istigfari. Ba ta san abin da za ta roƙa ba, sai ta koma cewa Allah Ya zaɓa abin da ya fi alheri.

Tsakiyar watan ta zo ta gota, kogi yana ta sauka abinsa. Injiniya bai ce mata komai ba, ya ma kawo mata shayi, ta ji da zagi ya yi da ya fi sauƙi. Ran nan ta kasa daurewa, ta tashi daga ofis ta je ta sami Yaya, ta ce ya dasa kawai tun irin yana da sauran amfani, laifin duka nata ne, za ta je ta ba matarsa haƙuri. Yaya ya ajiye bokitinsa.

"Ran da kika ce in jira, wani abu kika gani. Yanzu wani abin kika sake gani, ko tsoro ne?"

Ta sunkuyar da kai ta ce tsoro ne. Manhajar ba ta canza baki ba, cewa take ruwan yana hanya, ya dai yi nawa.

"To koma bakin aikinki," in ji Yaya, ya ɗauki bokitinsa.

Kowace safiya a hanyar ofis takan sa direba ya tsaya a kan gada ta leƙa sandar awo. Wata safiya ta ga lambar da jiya take a bushe ta jiƙe. Ta ɗauka idonta ne, ta sauka har gindin gadar, takalmanta suna nutsewa a taɓo. Ruwan ya canza. Na damina ja ne, mai laka, mai hayaniya. Wannan kuwa garau yake, da ɗan duhu kamar shayin da bai ji ganye sosai ba, don ya baro lakarsa can cikin ciyawar dausayi. Kainuwa tana tafe a kansa gungu-gungu, wani farin tsuntsu tsaye a kan ɗaya yana tafiyar da bai sha wahalarta ba. Sama fes, rana tana fitowa kamar kullum. Ta tsaya a nan tana tasbihi, hawaye yana zuba, direba ya juya baya kamar yana duba taya.

Haka ya yi ta tasowa, ba ƙara, ba gaggawa. Waɗanda suka ji sanarwar da rabin kunne suka ruga suka tumɓuke abin da za su iya, suka mayar kan tudu. Da yawa ba su tsira da komai ba, kuma ba wanda ya yi dariyar kowa. Auta ta ga wani dattijo tsaye a bakin gonarsa hannu a baya, tsayuwar babanta sak, duk wani daɗin cin gaskiya da take ji ya gudu. A ofis injiniya ya zo har teburinta ya ce ta koya masa yadda ake tafiyar da Mai Nawa, sannan su zauna su gano abin da ya sa ya yi kuskuren rana, don baɗi kada mutane su gaji da jira.

Da ruwan ya tsaya da hawa Yaya ya aiko a kira ta. Ta same shi a gindin bishiyar nan da kwale-kwalen aro. Komayensa suna nan kan tudu, irin ya tsufa amma da ransa, albasar bana ba za ta yi girman da ya saba ba, sai dai za a ci, har maƙwabta sun fara zuwa neman ragowa. Ya nuna mata turken. Ruwa ya zo ya gaishe shi har ya wuce. Yaya ya tsuguna ya auna da hannunsa daga turken zuwa bakin ruwa, ya ce kwamfutarta ta yi ƙarya da taƙi ɗaya, a gaya mata ta gyara halinta. Sannan ya ce ta shiga, ta zauna tsakiya.

Ya tura jirgin suka bi ta kan gonarsa. Ruwan garau, ana hango kunyoyin da ya yi a ƙasa, jere, babu komai a kansu, ƙananan kifaye suna wucewa ta tsakaninsu. Ya daina tuƙi, ya bar jirgin yana tafiya da kansa. Can sai ya tsoma hannu ya ɗebo ruwan, ya shinshina, ya bar shi ya zube ta tsakanin yatsu.

"Auta, daga ina yake zuwa?"

Ta ce daga dausayin nan da ta gaya masa. Ya ce kafin can fa. Ta ce daga wasu rafuka da ke gangarowa ta cikin daji. Ya ce kafin can fa. Ta ce daga duwatsu masu tsawon da gajimare yake kwana a kansu, inda mutane suke noma a jikin gangare, ba su san da shi ba, shi ma bai san da su ba. Ya ce kafin can fa. Ta ce daga teku, iska ce take ɗauko shi. Ya ce to tekun fa. A nan ilimin Auta ya ƙare, dariya da kuka suka taho mata tare.

Yaya bai yi dariya ba. Ya sunkuya sosai yana kallon cikin ruwan, hannunsa har gwiwa a ciki, jirgin ya karkata gefe ɗaya. Ta riƙe katakon jirgin da hannu biyu.

"Yaya, ka daina leƙe."

Bai daina ba.